Masu Kwana a Bakin Titin Katabu da Abin da Samame Ba Ya Magancewa

Katabu gari ne da titi ya raya. Yana kan babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, gaba da Rigachikun kafin a kai Jaji, dab da inda hanyar Jos ta ɓalle ta yi gabas ta nufi Pambeguwa da Saminaka. Motocin kaya da suka taso daga kudu za su Kano ko Katsina ko ƙasar Nijar ta nan suke bi, kuma direbobin tirela da na tanka sun daɗe da mayar da yankin Mararrabar Jos wurin yada zango. Inda direba ya tsaya kuwa, nan mai shayi zai kafa teburi, mai tsire ya hura wuta, bakanike da mai faci su baje kayan aiki, mai abinci ta ɗora tukunya. Garin da ke ci daga titi ba ya barci da wuri, wani sashensa ma ba ya barci sam.

Idan dare ya raba, masu gida sun tafi gida, akwai waɗanda suke saura. Ana ganinsu a rumfunan da aka tashi, a barandar shaguna, a harabar masallaci, wasu a ƙarƙashin tirelolin da aka ajiye. Wanda ya wuce a mota zai ɗauka duk iri ɗaya ne, alhali kowa da abin da ya fito da shi. Akwai yaron mota da ke gadin kayan ubangidansa, gobe war haka yana Kano. Akwai ɗan ci-rani da ya zo tura baro ko ga-ruwa, yana tara kuɗin taki, yana ganin biyan haya asara ce. Akwai ɗan bola jari da ke kwana jikin buhunansa don kada a ɗauke. Akwai almajirin da ya saba da tasha har ya daina komawa wurin malam, da matashin da ƙwaya da sholisho suka raba shi da gidansu, da mai taɓin hankalin da ba wanda ya san daga inda ya fito. Shekarun nan kuma sun ƙaro wasu: mata da yara da tsofaffi da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi kanta, mutanen da jiya suke da rumbu da garke, yau suna neman inda za su shimfiɗa buhu.

Tsoron da mutanen gari suke yi ba na banza ba ne, kuma duk mai son yin magana a kan wannan al'amari ya kamata ya fara amsa haka. Ana fasa shago, ana kwance batirin mota, ana zuƙe man tirela, ana tare mutum da wuƙa a karɓe masa waya. Uwar da za ta aiki 'yarta bayan magariba ta san abin da take ji a ranta har yarinyar ta dawo. Bayan wannan akwai tsoron da ya fi girma. A farkon Maris na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kerawa da ƙauyukan da ke kusa da ita, a cikin wannan ƙaramar hukuma, suka kashe kimanin mutum 50. A Maris na 2021 suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka, ita ma a Igabi. Hukumomi da mutanen ƙauye sun sha faɗa cewa irin wannan ɓarna tana tafiya ne da hannun infoma, mai zama cikin jama'a yana ƙirga wa yake da shanu, wa ya sayar da hatsi. Saboda haka baƙuwar fuskar da ta kwana uku a bakin masallaci, wadda a da tausayi take jawowa, yanzu har da zargi.

Hanyar da aka saba bi sananniya ce a kusan kowace unguwa ta Arewa. Sata ta yi yawa, dattawa su taru a ƙofar mai unguwa, a naɗa wakilai su kai kuka wurin DPO. Bayan kwana biyu a fito samame da tsakar dare, a kwashe duk wanda aka tarar a waje, a cika mota. Gari ya waye ana sa wa hukuma albarka. To amma a bi motar nan zuwa caji ofis a ga abin da ke biyo baya. Mai ubangida, ubangidansa zai zo ya karɓe shi kafin azahar. Mai 'yan kuɗi a lalita zai san yadda ya yi, duk da rubutun da ke jikin bango cewa beli kyauta ne. Gawurtaccen ɓarawon da dominsa aka yi taron kuwa da wuya a same shi cikin motar, domin shi yana da ɗaki da katifa, wani lokaci ma labarin samamen ya riga samamen isa wurinsa. Waɗanda suke saura a bayan kanta su ne marasa kowa. Su ma ba za a iya riƙe su ba, don ba abincin ciyar da su, ba kuma tuhumar da za ta tsaya gaban alƙali. Sai a sake su, su koma rumfar da aka ɗauko su, ko su matsa Rigachikun ko Kawo. Abin da ya canza ɗaya ne: sun koyi cewa in ka hango ɗan sanda ka gudu, in ka ga abu ka kama bakinka.

A ganina wannan ita ce asarar da ta fi kowace muni, kuma ba a cika lissafa ta ba. Mutumin da ke kwana a waje shi ne idon dare. Shi ya ga baburan da suka wuce ƙarfe biyu ba fitila, ya ga wanda yake sayen burodi da man fetur a jarkoki fiye da bukatar gida ɗaya, ya san yaran da ke zuƙe mai da wanda yake saye a hannunsu. Kuma shi ne farkon wanda ake cuta: shi ake ƙwace wa ɗan abin da ya tara, yaro ƙarami da mace su ake lalatawa a duhu ba su da wurin kai ƙara. Garin da ya mayar da wannan mutum abokin gaba ya rufe wa kansa ido, sannan ya miƙa shi ga duk wanda zai ba shi dubu biyu ya ce ya riƙa lura masa da gidan wane.

Ta fuskar doka ma kamen kan-mai-uwa-da-wabi ba shi da gindin zama. Tun 1989, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka yi dokar da ta soke laifin gararamba, wato kama mutum don kawai an gan shi yana yawo. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a Nijeriya, ya kuma wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Gaskiya ne kundin finalkod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya zo da sassa a kan marasa aikin yi da 'yan gararamba, tunanin da ya samo tushe daga dokokin Ingila irin ta 1824. Sai dai a Disamba na 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya ta ba da fatawa cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan adam ta Afirka, domin suna hukunta mutum ne a kan halin da yake ciki, ba a kan wani abu da ya aikata ba. Ɗan sandan da aka tura samame an ɗora masa aikin da doka ba ta ba shi ba, an kuma hana shi lokacin da zai yi wanda ta ba shi.

Jihar Kaduna ta gwada hanyar kora da ƙarfin gwamnati gaba ɗaya, don haka ba sai mun yi hasashe ba. Ranar 7 ga Yuli 2015 bam ya tashi a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, Zariya, ma'aikata suna layin tantancewa, ya hallaka fiye da mutum 20. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta haramta bara da talla a kan tituna bisa hujjar tsaro. Makafi da guragu da kutare suka fito zanga-zanga a Kaduna, suna cewa an haɗa su da 'yan ta'adda ba a kuma tanadar musu wata hanyar ci ba. Gwamnan ya je ya same su a matsuguninsu na Kano Road, ya duba cibiyar koyar da naƙasassu sana'a da ke Kakuri, a 2016 kuma majalisar jiha ta mayar da haramcin doka. Da annobar korona ta zo a 2020, gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da almajirai jihohinsu na asali, Kaduna ta ce ta mayar da fiye da 30,000. Maƙwabtanmu ma sun bi wannan hanya: a Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta tura jirage birnin Dakar ta kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarta masu bara, yawancinsu mata da yara daga Kance da Magarya a jihar Damagaram. Wanda ya tsaya a Kawo ko a kowace babbar mahaɗar Kaduna yau zai ga iyakar abin da waɗannan matakai suka cimma. Ba a rasa kyakkyawar niyya a cikinsu ba, amma aikin ya zama irin na mai share ruwan sama daga ƙofarsa zuwa ta maƙwabci. Yunwa da rashin tsaro da mutuwar aure da suka fito da mutanen suna nan a inda aka sauke su.

Ƙasar Hausa ba yau ta fara ganin baƙo marar masauki ba. Ƙasar fatake ce da almajirai da mahajjata masu tafiya a ƙasa, kuma ta yi wa lamarin tsari tun kafin zuwan Turawa. Ayari ya sauka a zango, sarkin zango ya san madugu, madugu ya san mutanensa. Baƙon da ya shigo shi kaɗai ana kai shi wurin mai unguwa, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ke tafe da shi, a haɗa shi da mai masauki. Daga ranar nan mai masaukin ya zama lamuninsa: in baƙo ya yi ɓarna shi za a tambaya, in an cuci baƙo shi zai tsaya masa. Gidan duk mai hali yana da zaure, kuma babban amfanin zaure shi ne kwanan baƙo da almajiri. Hatta mabarata ba a bar su kara zube ba. Akwai sarkin makafi da na guragu da na kutare, masu sanin nasu, masu tsawata wa nasu, masu kai kukansu fada. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda Hausawan can suka ɗauki wannan tsari suka dasa a tsakiyar ƙasar Yarabawa: masu gidaje suna sauke fataken shanu da na goro suna tsaya musu a harkar bashi, mabarata da shugabanninsu, kowa kuma yana ƙarƙashin Sarkin Sabo. Addini ya ƙarfafa abin. Matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da aka ware wa zakka, kuma a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai sashen da sahabbai marasa gida suke kwana a ciki, jama'a na ciyar da su.

Ba kewar bulalar dogari nake yi ba. Dogarai da 'yan dokan En'e sun yi zalunci, kuma dattawan da suka yi NEPU a shekarun 1950 sun ba da labarin abin da suka sha a hannunsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan juyin mulkin 1966, ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya janye ragowar ikon mulki daga hannun masu sarauta. An rabu da wani zalunci, amma an yi asarar wani abu tare da shi, wato sanin mutane. Ɗan sandan da aka turo daga nesa, wataƙila ba ya jin Hausa sosai, kafin ya gane lunguna an canza masa wurin aiki, ba zai iya bambance ɗan ci-rani da ɗan leƙen asiri ba. Rundunar da ba ta kai mutum 400,000 ba a ƙasar da ta haura miliyan 200, ga wani kaso nata yana gadin manya, ba ta da sukunin zama ta koyi fuskoki. A ɓangarenmu kuma, gidajen da muke ginawa yanzu get ne da katanga, ba zaure. Dillali yana ba da haya ba tare da mai unguwa ya ji ba. Mai unguwar kansa an bar shi da rawani da sasanta rigimar kwata.

Gwamnatoci sun lura da wannan giɓi, sun kuma yi ta ƙoƙarin cike shi da kwamitoci. A 1984, zamanin Sufeto Janar Etim Inyang, aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda aka fi sani da PCRC, kuma yana da rassa har matakin ofisoshin DPO. A 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin aikin ɗan sanda tare da al'umma, aka fara gwaji a Inugu. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, gwamnatin tarayya kuma ta ware wa shirin naira biliyan 13.3. Jihar Kaduna tana da rundunar sintirinta, KADVS, da aka yi wa doka a 2016, wadda Gwamna Uba Sani ya ƙara wa mutum 7,000 a 2023 aka horar da su a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. Ga kuma 'yan ƙato da gora na unguwa, waɗanda ake bi gida-gida ana tara musu kuɗin batir da na shayi.

Ashe ba kwamiti aka rasa ba. Tambayar ita ce su wa ke zama a cikinsa. A yawancin garuruwa za ka tarar da manyan 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da wakilin hakimi, mutanen kirki masu ba da lokacinsu da kuɗinsu, amma dukkansu ƙarfe goma na dare suna cikin gida an kulle get. Aikin kwamitin yakan koma sayen taya da man motar sintiri. Abu ne da ake bukata, sai dai yana da illa: wanda ya zuba mai kukansa ake fara ji, kuma kukansa kusan kullum shi ne a kawar masa da waɗancan daga ƙofar shago. Masu sanin dare ba sa wurin. A gari irin Katabu su ne mai shayi da mai tsire, shugabannin 'yan kamasho da na direbobin tanka, dillalin da 'yan bola jari suke kai wa ƙarfe, mata masu abinci, ladanin masallacin bakin titi da ke tsallake masu barci kafin ya kira assalatu, da alarammomin da yaran nan suka fito daga hannunsu. Su kansu masu kwanan wajen ba a taɓa tunanin a kira ɗaya daga cikinsu a ji ta bakinsa ba, alhali kakanninmu sun ga dacewar naɗa wa makafi sarki.

Abin da ya faru a Rigasa, cikin wannan ƙaramar hukuma, a ƙarshen Satumba na 2019 ya isa a tsaya a kansa. 'Yan sanda suka sami tsegumi, suka shiga wani gida da ake kira makaranta da wurin gyaran tarbiyya, suka tarar da kimanin mutum 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka a gadon baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya. Wannan shi ne haɗin kan jama'a da 'yan sanda a mafi kyawun siffarsa: wani ya san abu, ya amince ya faɗa, hukuma ta yi aiki da shi, rayuka suka tsira. Amma gidan nan ba ranar ya buɗe ba. Ya daɗe a tsakiyar unguwa mai cike da jama'a kafin maganar ta kai inda za a yi aiki da ita, kuma wannan jinkiri shi ne ma'aunin ƙarancin amanar da ke tsakani.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Da yawa daga cikin waɗanda aka kuɓutar iyayensu da danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko ƙiriniya ko taɓin hankali. Uba ba ya kai ɗansa a sa masa mari don ƙiyayya. Ya kai shi ne don ya rasa wata ƙofar. Da aka fito da su ma, sansanin alhazai aka kai su kafin a nemo danginsu, domin ba wani matsuguni da aka tanada don irin wannan rana. Kaduna tana da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, tana da gidan horon kangararrun yara, amma asibiti ɗaya ba zai ɗauki nauyin jihohi ba, kuma talakan ƙauye ba ya iya kuɗin gado da magani na watanni. An rufe gidajen mari, kuma daidai ne a rufe su, amma larurar da ta cika su ba ta rufu ba. Duk DPO da aka kawo wa matashin da ƙwaya ta haukata yana fuskantar tambayar da ta gagari uban: ina zan kai shi?

Idan aka bar tsoro shi kaɗai ya yi jagora, inda ake ƙarewa mun gan shi. A ƙarshen Maris na 2025 'yan banga suka tare wata motar kaya a Uromi ta Jihar Edo, suka ga mafarauta 'yan Arewa da bindigogin farauta, suna hanyar komawa Kano yin salla. Aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Arewa ta yi kuka, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai mu tuna cewa mutanen Uromi su ma tsoron masu garkuwa ne ya sa suka kafa 'yan banga, kuma abin da ya kashe bayin Allah nan shi ne ba wanda ya san su, ba wanda zai ce nawa ne. Mu ma a garuruwanmu ihun ɓarawo ya sha cinye ran wanda daga baya aka gane mai taɓin hankali ne ko baƙon da ya ɓata hanya. Ɗan sintirin da aka ba gora ba a koya masa cewa iyakarsa ya kama ya miƙa ba, haɗari ne ga baƙo yau, ga ɗan gari gobe.

Haɗin kan da zai yi amfani a Katabu, a fahimtata, daga sani zai fara. Mai unguwa da mutanen da na ambata su zagaya, da rana ba da tsakar dare ba, ba kuma da motar 'yan sanda a bayansu ba, su zauna da masu kwana a waje su ji sunan kowa da garinsu da abin da ya kawo shi. Littafin ya zauna a hannun mai unguwa. Kowane mutum a nema masa wanda zai ce nawa ne: yaron mota ƙungiyar direbobi, ɗan bola jari dillalinsa, almajiri malaminsa, ɗan ci-rani shugaban 'yan garinsu, 'yar gudun hijira limami ko ƙungiyar mata irin FOMWAN. Wanda aka san shi aka kuma tsaya masa, ɗan sintiri ba shi da dalilin tashinsa da gora. Wanda ya ƙi faɗin ko shi wane ne, ko labarinsa ya riƙa canzawa, shi ne ya cancanci idon ɗan sanda, kuma a lokacin DPO zai tura mutum biyu wurin mutum ɗaya da dalili a hannu, maimakon ya cika mota da mutum arba'in ba dalili. Abin da 'yan sanda za su biya da shi kuwa abu biyu ne masu wuya: su daina kamen jumla, su kuma riƙe sirrin wanda ya kawo labari. Sau ɗaya sunan mai tsegumi ya fita daga caji ofis ya isa kunnen ɓarayi, shekara biyar ba mai sake buɗe baki.

Sauran aikin ba na ɗan sanda ba ne ko kaɗan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin majiyyaci mai haƙƙi, don haka hanyarsa ta asibiti ce. Yaro ƙarami yana ƙarƙashin dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018, ga kuma hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da tarayya ta kafa a 2023. A garin Yujin na Jihar Oregon a Amurka, tun 1989 aka kafa tawagar ma'aikacin jinya da mai ba da shawara, su aka riƙa turawa maimakon 'yan sanda idan kiran ya shafi wanda hankalinsa ya gushe ko maye ya kayar, kuma tsarin ya yi aiki fiye da shekara talatin. Ba mu da kuɗinsu, amma muna da ma'aikatan lafiya a asibitocin sha-ka-tafi da jami'an jin daɗin jama'a a kowace ƙaramar hukuma, waɗanda da wuya a ga an ba su kujera a taron tsaro.

Na san abin da za a ce. Za a ce in ka yi wa masu kwanan waje masauki ka gayyato wasu, kuma littafin sunaye zai iya zama hanyar tatsar kuɗi a hannun marasa tsoron Allah. Magana ta biyu gaskiya ce, shi ya sa bai kamata a karɓi ko sisi a kan rubuta suna ba, kuma shi ya sa wakilin masu kwanan wajen ya kamata ya kasance a wurin. Ta farko kuwa, titin ne yake kawo mutane, kuma zai ci gaba da kawo su muddin tirela tana tsayawa, ƙauyuka kuma suna tashi. Zaɓin da ke gaban Katabu shi ne su kwana a wuri ɗaya mai fitila da makewayi da mai gadi, maza daban mata da yara daban, an san adadinsu, ko su kwana a warwatse cikin duhu ba wanda ya san su.

Kuma akwai wanda doka ta ɗora wa wannan nauyi da sunansa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kafawa da kula da gidajen gajiyayyu da marasa galihu a layi ɗaya da maƙabartu, ya kuma ambaci tashoshin mota da kasuwanni da makewayin jama'a da fitilun titi. A Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya nasu ne, a ba su kai tsaye. Igabi, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta fiye da mutum 430,000, tana cikin mafi yawan jama'a a jihar. Wakilan da suka saba zuwa wurin DPO neman samame suna da hurumin ɗaukar DPO ɗin da hakimi da kansilansu su tafi sakatariya a Turunku, su nemi a sa ɗakin kwanan baƙi da fitilu da makewayi na Katabu da Mararrabar Jos cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, da adadin kuɗin a rubuce da watan da za a fara gini.